Abin da Aka Hana Inna Ci

Har yau idan na ji wani ya ce tsofaffi sun fi kowa sanin jinya, sai in ji bakina ya yi ɗaci. Mun yi tsohuwar da ta san jinya a gidanmu, kuma na ga abin da sanin nata ya yi da idona.

Gidanmu yana tsohon Zongo na Wagadugu, wanda aka rushe, ba nisa da inda direbobin Nijar ke ajiye manyan motocinsu. Kakanninmu fataken goro ne da suka sauke kaya a nan ba su ƙara ɗauka ba. Baba ya gaji fataucin, amma na atamfa, rabin shekara yana kan hanyar Lome. Inna, mahaifiyata, waina take toyawa a ƙofar gida. Tun kafin gari ya gama wayewa ake layi a gaban tandarta, direbobi da 'yan kasuwa da yaran da aka aiko da kwano. Har daga unguwar Kamsaoghin ake zuwa a kan ƙaramin babur, mobilet, a saya. Idan aka ce mai waina a Zongo, ba a tambayar wace ce. Inna ba ta da abin da take taƙama da shi da ya wuce wannan sunan.

Tana da maƙoƙo tun ina goye. Ta saba rufe shi da mayafi, mu ma mun daina ganinsa. A farkon shekarun dubu biyu ne ya yi girman da in ta kwanta sai numfashi ya gagara, dole aka kai ta asibiti aka yi mata aiki. Ina da kusan shekara ashirin a lokacin, ina koyon ɗinki a wani shago a Kamsaoghin. Da yake na ɗan yi lakwal, wato makarantar boko, ni ce na zama tafinta tsakaninta da likita.

Ranar sallama likitan ya zaunar da ni ya yi mini bayani a tsanake. Ya ce a bayan maƙoƙon kowane mutum akwai 'yan ƙwayoyin nama guda huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar shinkafa ba, sunansu paratiroyid. Su ne ke lura da kalsiyam, sinadarin da ke gina ƙashi, su tabbatar bai yi ƙaranci a cikin jini ba. Ya ce na Inna sun ji jiki wajen aikin, sun yi sanyi, wataƙila su farfaɗo nan gaba, wataƙila su daɗe. Kafin nan dole a riƙa ba ta kalsiyam daga waje, a magani da kuma a abinci. Ya ambaci nono da madara, ƙananan busassun kifi a ci har ƙayarsu, zogale, kuka, riɗi, wake. Ta riƙa zama a hantsi kaɗan, ta rage baƙin lemon kwalba. Ya kama hannuna ya ce in ta fara jin kamar kiyashi na yawo a leɓɓanta ko a yatsunta, kada mu jira, mu dawo da ita. Na maimaita wa Inna da Hausa. Na maimaita wa Gwaggo, wadda ke tsaye a bakin ƙofa tana taunar goro.

Gwaggo yayar Baba ce. Ita ta raine shi bayan rasuwar uwarsu, shi ya sa ko da furfura ta fito masa bai iya kallon tsabar idonta ba. Da mijinta ya rasu sai ta dawo gidan ubanta, ta karɓi ɗakin da ya fi kowane girma, ta karɓi gidan gaba ɗaya. Ita ke yi wa masu jego wanka a layinmu, ita ake kira in yaro ya ƙone. Ta saurari bayanina har ƙarshe, ta tofar da tukar goro, ta ce, "To, mun ji maganar nasara. Mu tafi gida."

Muna isa ta kafa doka. Mai ɗanyen miki ba ya shan nono, ba ya cin kifi, ba ya taɓa riɗi ko gyaɗa, don su ke sa miki ya yi mugunya. Haka ta taso ta gani, haka kowa a Zongo ya sani. Zogale ma ta ce yana sakin ciki. Abin da ta yarda da shi koko ne tsararo, da tuwo mai laushi da romon da ba komai a ciki sai gishiri. Ta sa Inna a ɗaki ta rufe taga, ta saki labule, ta ce iska da rana ba sa ganin yanka. Lemon kwalba kuwa, da masu dubiya ke kawowa, shi ba ta ga laifinsa ba.

Na yi magana. Ta ce, "Ke da aka haifa jiya, don kin iya faransanci za ki koya mini jinya? Uwar taki ma ni na yi mata wankan jegonki."

Na kai ƙara wurin Baba yana ɗaure kayansa na tafiya. Ya ce, "Ki bi Yaya a hankali. Abinci dai ne, in miki ya warke ta ci abin da take so. Ai ga magani nan." Washegari ya hau mota.

Maganin shi ne ya ɗan kwantar mini da hankali. Manyan ƙwayoyi ne farare da ake jefawa a ruwa su narke suna kumfa. Ni ke fita da sassafe in dawo da magariba, don haka na nuna wa Gwaggo yadda ake yi, ta gyaɗa kai. Kullum na dawo na tambaya sai ta ce an sha. Daga baya ne na ji cewa tun ranar farko da ta ga ƙwayar tana tafasa a ruwan sanyi ba wuta, ta ce wannan abu in ya bi ta wuyan da aka ɗinke sai ya farke ɗinkin. A kwata take juyewa. Inna ta sani, ta yi shiru, don ba a taɓa jin ta ta musa wa yayar mijinta ba, kuma muryarta ma a lokacin da ƙyar take fita.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci matan unguwa suka haɗu suka zo yi mata barka da arziki. Na dawo da wuri don in taya raba ruwa. Aka fito da Inna tsakar gida aka zaunar da ita a tabarma. Na lura tana ta shafa leɓɓanta. Kafin in ƙarasa wurinta sai na ga yatsunta sun haɗe wuri ɗaya, babban yatsa ya shige tafin hannu, wuyan hannun ya lanƙwashe. Ƙafafunta suka miƙe suka sandare. Bakinta ya tsuke, ta kife gefe tana wani irin numfashi mai ƙara, yawu na zuba.

Gwaggo ce ta fara buɗe baki. Ba a hankali ta faɗa ba, ihu ta yi yadda na waje ma zai ji.

"Farfaɗiya ce! Ku ja da baya! Ku janye yara, kada yawun ya taɓa kowa!"

Ban taɓa ganin tsakar gida ta watse da sauri haka ba. Matan da suka shekara ashirin suna cin wainar Inna suka riƙa tsallake juna, wasu ko takalmi ba su tsaya ɗauka ba. A wurinmu an yarda cewa farfaɗiya ana ɗaukarta ta yawu, ta kofi, ta kwanon abinci. Ni kaɗai na rage a kanta. Na ciccibe ta, wani direba ɗan Nijar da bai san kowa ba ya taya ni muka sa ta a koren tasi.

A asibiti aka yi mata allura ta jijiya a hankali. Ina tsaye ina kallo yatsun suka fara saki ɗaya bayan ɗaya, har hannun ya buɗe ya kwanta a kan zane. Likitan ya tambaye ni me take ci. Na faɗa masa. Ya tambayi maganin, Inna ta rufe ido, a nan na gane. Ya ce wannan ba farfaɗiya ba ce, jini ne ya rasa kalsiyam har jijiyoyi suka ɗaure, kuma da abin ya kama maƙogwaronta sosai da ba mu iso da ita ba. Na fita baranda na zauna. Da Gwaggo na kusa da ni a wannan lokacin, wallahi da na aikata abin da za a daɗe ana faɗa.

Da muka dawo na ajiye ɗinki na karɓi jinya da ƙarfin tsiya. Maganin a cikin lalitata yake kwana. Na riƙa dama mata fura da kindirmo, in daka ƙananan kifi har ƙaya in zuba a miyar kuka, in kwaɗa zogale da riɗi. Da hantsi in shimfiɗa mata tabarma a rana, daidai ƙofar ɗakin Gwaggo. Mikin ya warke sumul, ko ɗigon mugunya bai yi ba. Kiyashin leɓe ya tafi. Inna ta yi kumari, muryarta ta dawo.

Amma kafin mu dawo daga asibiti Gwaggo ta riga ta ware mata kwano da kofi, ta ɗaura wa butarta jan ƙyalle don kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Ta bi gidajen suna da na biki tana girgiza kai, tana cewa ciwon dama yana cikin dangin su Inna, ɓoyewa aka yi. Ta fi son a ce matar ƙanenta na da farfaɗiya da a ce dokarta ce ta kusa kashe mutum.

Ranar da Inna ta sake ɗora tanda, ta tashi da murna ta jiƙa shinkafa, ƙullu ya tashi yadda take so. Ta zauna a ƙofar gida, ta toya, ƙamshi ya cika layi. Mutane suka riƙa wucewa suna gaishe ta daga nesa, suna yi mata ya jiki. Baƙin direbobi biyu suka saya, wani ya ja su gefe ya yi musu raɗa, ba su dawo ba. Da rana ta yi ta rufe wainar da faifai ta shigo da ita. Ta yi ta gwadawa har ta ga asarar ta isa. Ba ta yi kuka a gabana ba, sai dai ta wanke tandar ta kife a bayan ɗaki.

Na bi gida-gida ina bayani. Na faɗi ƙwayoyin nan huɗu, na faɗi kalsiyam, na faɗi allurar da ta buɗe hannu a gabana. Wata ta ce, "Shinkafa huɗu a wuya? Ke dai 'yar lakwal!" aka kwashe da dariya. Wata da ta fi tausayi ta ce, "Ɗiyata, mun gani da idonmu fa. Ta faɗi, ta yi kumfa." Kuma ba ƙarya ta yi ba.

Tun da na kasa gyara waje, sai na juyo kan ta cikin gida. Wata rana da yamma kowa na tsakar gida, na ɗauki kofin Inna da ta sha ta rage, na kafa kai na shanye, na lashe baki. Sannan na taka har gaban babbar randar gidan, wadda Gwaggo ma a cikinta take sha, na tsoma kofin har gindi, na juya shi sosai.

Gwaggo ta miƙe tsaye. "La'ilaha! Kashe mu za ki yi?"

Na ce, "Ruwa nake sha, Gwaggo. Ko a kawo miki?"

Daga ranar ba ta ƙara shan ruwan randa ba, sai ta aiki jikokinta famfo. Ni kuwa na samu sana'a. In ina girki sai in kira Inna da ƙarfi ta ɗanɗana mini gishiri, in mayar da ludayin cikin tukunya Gwaggo na kallo. Na kwance jan ƙyallen na ɗaura a butar Gwaggo. Na ɗauki tabarmar sallarta na shimfiɗa wa Inna. Tsohuwa ta koma dafa nata a ɗaki, a ƙaramin kurfoti na gawayi, tana tari cikin hayaƙi, ta rame har zanenta na zamewa. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Duk sanda na ga ta leƙo tana ƙirga wanda ya taɓa me, sai in ji sanyi a raina. Ina so ta ɗanɗani zama a gidan da ake ƙyamar kwano.

Inna ba ta so. Takan ce, "Ke, ki ji tsoron Allah, babba ce." Da Baba ya dawo aka kai masa ƙarata tun bai cire takalmi ba. Ya kira ni ya yi faɗa. Na bari ya gama, na ce, "Baba, ka ce ta fito ta gaya wa mutane cewa ita ta zubar da magani, yau ɗin nan in durƙusa in ba ta haƙuri." Ya kalli ƙasa ya ce, "Yaya ce fa." Na san ba abin da zai yi.

Ina da niyyar in ci gaba da matsa mata har ta gaji ta faɗa. Ban samu lokaci ba. A shekarar ne gwamnati ta ce za ta rushe unguwar ta gina sabon tsakiyar gari. Aka zo aka shafa fenti a bangaye, aka yi ta taro da hayaniya, daga ƙarshe motocin rusau suka shigo. Zongo ya watse. Mu muka kama haya a unguwar Cissin, Gwaggo ta bi ɗanta zuwa unguwar Pissy, kusa da inda mata ke fasa dutse. Sauran mutane kowa ya nufi inda ya samu, kuma kowa ya tafi da labarin yadda ya ji shi. Da muna wuri ɗaya, wataƙila in suka ga shekara ta wuce Inna ba ta sake faɗuwa ba, su dawo da kansu. Yanzu ba layin da zan bi, ba ƙofar da zan buga. A Cissin ma Inna ta yi tunanin farawa, sai muka tarar da 'yan tsohuwar unguwa biyu sun riga mu sauka a layin.

Likita ya rage mata magani a hankali, ya ce ƙwayoyin sun farfaɗo, ta dai riƙe abincin. Ta riƙe. Na yi aure, na buɗe shagona. Duk Sallah Inna takan je Pissy gaida Gwaggo. Ni ban taɓa zuwa ba.

Bayan wasu shekaru aka aiko cewa Gwaggo na kwance, jiki ya yi tsanani, tana neman mu. Inna ta ce in shirya. Na shirya da sauri har ta yi mamaki. Na san ɗakin mai jinya irin wannan ba ya rabuwa da 'yan dubiya, kuma na san su wane ne za su zo.

Haka kuwa aka yi. Ɗakin cike yake da matan tsohon Zongo, sun tsufa, wasu na gane su da murya kawai. Ƙarar guduma daga wurin fasa dutse na shigowa ta taga. Gwaggo ta ƙanƙance a kan katifa. Ta ga Inna ta miƙo hannu, ta ce, "Uwar yara, zaman tare ne. Duk abin da na yi miki, ki yafe mini."

Inna ba ta ko numfasa ba ta ce, "Na yafe, Yaya, duniya da lahira. Ni ma ki yafe mini."

Mata suka ɗauki salati da Allah ya yi albarka. Gwaggo ta juyo da ido kaina. "Ke fa, ɗiyata?"

Na matsa na durƙusa kusa da ita yadda ya kamata. Na ce, "Gwaggo, duk abin da kika yi ɗin, wane ne a ciki? Ki kira sunansa. Ga mutanen nan da kika gaya wa Inna na da farfaɗiya, Allah ya tara miki su. Ki gaya musu ba ta da ita. Ki ce ke kika hana ta nono da kifi, ke kika zubar da magani a kwata. Kina faɗa na yafe."

Ɗan Gwaggo ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Haba, ki ji tsoron Allah, ba ki ga halin da take ciki ba?"

Na ce, "Na gani. Shi ya sa nake sauri."

Gwaggo ta daɗe tana kallona. Leɓɓanta suka motsa, na ga matan sun miƙo wuya. Sai ta ce, "Ni dai jinya na yi yadda na gada." Ta juya fuskarta bango.

Na miƙe na kakkaɓe zanena. Na ce, "To, ni ban yafe ba. Mu haɗu can." Wata tsohuwa ta rufe baki da mayafi, wata ta ce ba ta taɓa ganin busasshiyar zuciya irin tawa ba. Na duba ta da kyau, tana cikin waɗanda suka bar takalmi a tsakar gidanmu. Na fita na jira Inna a bakin titi.

Inna ta fito, muka shiga tasi muka bar Pissy. Ta juya tana kallon waje, hannayenta a kan cinya. Na san faɗa na zuwa, na shirya masa. Da muka kusa Cissin ta ce, "Kin kunyata ni yau a gaban mutane."

Na ce, "Na sani, Inna."

Mai tasi ya tsaya ya sauke wata mata da buhun gawayi, ya ja muka ci gaba. Sai na ji Inna ta ja numfashi, ta ce a hankali, ba tare da ta dube ni ba, "Da bakinta ya motsa ɗin nan, na ɗauka za ta faɗa."

Gwaggo ta rasu cikin makon. Inna ta je ta yi zaman makoki har aka tashi. Ni na buɗe shago na yi ɗinkina.